A Kasuwar Hedifon, Ji Ya Kori Gani

Ranar da na fara fita majalisa da hedifon rataye a wuya, ban ko gama sallama ba Kawu ya ajiye jaridar da yake fifita da ita, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Lafiya, ɗan nan? Jirgin ina za ka tuƙa?" Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce ƙoƙon koko biyu na samo zan kifa a kunne. Wani ya ce ai takunkumi ne, sai dai an ɗaura shi inda bai kamata ba, bakin ne ya fi buƙatarsa. Abokin wasana Bazazzagi kuwa ya ce shi ba ƙoƙunan suka ba shi mamaki ba, abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda Bakano ya iya zaro kuɗi ya sayi abin da ba zai sake sayarwa ya ci riba ba.

Na san da yawanku masu karatu sahun Kawu kuke. Tun daga kanun rubutun nan na hango wasu sun taɓe baki, suna cewa ana ga yaƙi wannan yana ga ƙura, ana maganar kuɗin masara shi yana maganar abin toshe kunne. Na ji, na kuma karɓa. Amma ku ɗin nan masu taɓe bakin, wa ya ga wayarku babu tafsiri, babu labaran safe, babu saƙon murya mai tsawon minti tara daga ƙungiyar 'yan uwa? Kuna saurare dai. Bambancina da ku kawai, ni kaɗai nake jin nawa, ku kuwa duk wanda ya shiga A Daidaita Sahu da ku sai ya san yadda aka ƙare rigimar gadon gidanku.

Kawu cewa ya yi kayan yaran zamani ne. Allah ya ja da ran Kawu, abin nan ya girme ka. A shekarar 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin yana zaune a kicin ɗin gidansa a jihar Utah yana harhaɗa irinsa da hannu, sojojin ruwan Amurka suka gwada suka ce a yi musu guda 100. Wato saura shekara huɗu Turawa su haɗe Kudu da Arewa su ce ga Nijeriya, hedifon yana kan mutane. In yaro ne, to yaron da ya haura shekara ɗari ne, ya cancanci a ba shi tabarma.

Sai kai malam mai cewa duk ɗaya ne, sauti ai sauti ne. Na san ka. Kai ne mai iyafis ɗin nan da kunne ɗaya ya mutu tun bara, ɗayan kuma ba ya magana sai ka lanƙwasa igiyar a gindin waya ka danne da babban yatsa, ka tsaya cak kamar mai ɗaukar hoton fasfo. In ka yi atishawa labarai sun yanke. A shekara ka sayi irinsa biyar ko shida, kowanne kana cewa ai araha ne. Tara kuɗin ka gani. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda ya sayi rariya shida a shekara yana neman wadda za ta riƙe ruwa, wannan sai addu'a.

Tun da ka fara saurarona, bari mu bambance abin da ake magana a kai, don a shago za a cakuɗa maka su. Akwai mai zama a kan kunne, wanda sosonsa ke danne fatar kunnen ya manna ta da kai. Akwai kuma mai rufe kunne ruf, wanda kunnen gaba ɗaya ke shigewa cikin ƙoƙon, soson ya zauna a kewaye. Na biyun nake nufi. Mai shago zai rantse maka cewa wanda ke hannunsa mai rufewa ne, domin a kwali haka aka zana. Sa ka ji. In soson ya taɓa saman kunnenka ko ya naɗe leɓatun, ba naka ba ne, ko da kuwa ya dace da kunnen mai shagon. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta, kunnuwa kuma Allah bai yi su da awo ɗaya ba. Wani nasa kamar ganyen zogale, wani kamar faifai. Ban kira suna ba, Bazazzagi, kai ka tsargu.

Ranka ya daɗe Alhaji, na gan ka kana murmushi, kana cewa ai maganar gajera ce, a sayi mafi tsada a huta, araha ba ta ado. Gaskiya ne ba ta ado, amma wa ya ce ado muka zo saye? A 2014 kamfanin Apple ya sayi Beats, wanda mawaƙin nan Dr. Dre da abokinsa Jimmy Iovine suka kafa, a kan dala biliyan 3. Wani kaso mai kauri na abin da aka saya suna ne, da alamar nan da 'yan ƙwallo ke saukowa daga mota da ita a kai. Suna kuwa kuɗi ne, kuma mai saye ke biya. A ɗaya gefen ga Sony MDR-7506, baƙi wuluk, ba kwalliya, igiyarsa a murɗe kamar ta tsohuwar wayar tarho ta ofis. Tun 1991 ake yin sa, kamanninsa ba su sauya ba, ya daɗe ana sayar da shi wajen dala 100, kuma har gobe shi ne a kan masu haɗa sauti a gidajen rediyo da masu ɗaukar fim a ƙasashe da dama. Waɗannan da kunnensu suke cin abinci, ba a yi musu wayo da ƙyalli. Idan Alhaji yana so a san ya kashe kuɗi, ya saya ya bar takardar farashin tana reto. Idan ji yake so ya yi, ya zauna mu ci gaba.

Ga ɗan samari can ya ɗaga hannu. Na san tambayarka tun kafin ka buɗe baki: "Yaya, yana da bas?" Yana da shi, ƙanena, har ya yi yawa. Masu ƙera na araha sun san ku sarai. Sun san a shago minti ɗaya kuke gwadawa, a minti ɗaya kuwa babu abin da ke saye zuciya kamar dundun ɗin da ke girgiza haƙora. Sai su cika shi, kamar mai tuwon da ta san miyarta ba nama ta zabga yaji. Matsalar ita ce muryar mutum a tsakiya take zaune, tsakanin kaurin ganga da sirin sarewa. In kaurin ya kumbura sai ya haɗiye ta. Ka sa karatun Alƙur'ani ka ji mai karatun kamar daga cikin randa yake. Ka sa Shata ka ji kalangu ya koma turmi, 'yan amshi sun zama hayaniyar kasuwa. Kuntigin Ɗan Maraya, ɗan abin nan mai tsirkiya ɗaya, ina ruwansa da girgiza ƙirji? Mu da rabin abin da muke saurare magana ce, wa'azi da labarai da hira da karatun littafi, hedifon da ya fito da murya tas shi ne namu. Na dundun ɗin bayan awa ɗaya kai ne zai fara sarawa, ka ɗora laifin a kan rana.

Yanzu mu juya kwalin, inda ƙarya ke da ofis. Za ka ga an rubuta cewa yana fitar da sauti daga 20 zuwa 20,000. Wannan iyakar jin kunnen ɗan Adam ce, shi ma mai ƙuruciya da lafiyar kunne. Kusan kowane kwali haka yake cewa, na kirki da na banza, kamar yadda kowace motar haya ke da rubutun "Allah ya kiyaye" ko da birki ko babu. Za ka ga milimita 40 ko 50, wato faɗin 'yar lasifikar da ke cikin ƙoƙon. Mai shago zai ce maka 50 ta fi 40. A lissafi haka ne, a kunne ba dole ba. Girman tukunya ba shi ne daɗin miya ba.

Lamba ɗaya ce na yarda ka tsaya a kanta, ita ce ta om, wadda ke nuna irin ƙarfin da hedifon ke nema daga abin da ke tura masa sauti. Beyerdynamic DT 770 Pro, misali, ana yin sa da om 32, da 80, da 250. Kamanninsu kusan ɗaya. Wani zai tsinci mai 250 a kayan gwanjo, ya yi murna ya samu na Jamus a banza, ya soka a waya ya ƙure ƙara, ya ji kamar ana yi masa raɗa daga bayan katanga. Sai ya ce an cuce shi. Ba a cuce ka ba, kayan raƙumi ka ɗora wa jaki. Wancan na ɗakin haɗa sauti ne, inda akwai na'urar da za ta iya da shi. In waya ce abokiyar tafiyarka, nemi mai om wajen 32, ko abin da bai yi nisa da haka ba.

Sai babbar rigima, wadda ta raba majalisarmu gida biyu: mai igiya ko marar igiya. 'Yan Bluetooth suna kallonmu masu igiya kamar waɗanda aka ɗaure a turke. Wannan Bluetooth da kuke taƙama da shi, laƙabin wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10, Harald mai shuɗin haƙori. Da a nan aka ƙirƙiro shi, da yawan goron da muke ci, da Jan Haƙori za a sa masa. Ban hana ku ba, yana da daɗi. Ka bar waya a caji ka zaga tsakar gida, ba igiyar da za ta maƙale a hannun ƙofa ta fizge maka kai. Tun da Apple ya toshe ramin iyafis a iPhone 7 a 2016 manyan wayoyi da dama suka bi sahu, don haka wasunku ma ba zaɓi gare ku ba. Amma wayoyin Tecno da Infinix da itel masu sauƙin kuɗi da yawansu har yanzu suna da ramin. Leƙa gindin wayarka kafin ka tafi kasuwa.

Abin da 'yan Bluetooth ba sa son a faɗa shi ne sun ƙaro wa kansu baki guda da za su ciyar. Waya na neman caji, fitila na nema, fanka na nema, ga kuma hedifon ya shigo layi, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙon da bai yi alkawari ba. Kuɗin da ka biya kuma an raba shi: wani na batir, wani na na'urar kama Bluetooth, wani na makirfo, abin da ya rage shi ne na sauti. Mai igiya kuwa kusan duk kuɗin a kunne yake ƙarewa. Ga shi batir yana tsufa, zafi kuma yana gaggauta masa tsufan, musamman in kana barin sa a mota da tsakar rana. Sannan akwai ɗan jinkiri tsakanin hoto da sauti, wanda mai kallon fim ba lalle ya damu ba, amma mai tace bidiyo ko mai ɗaukar murya zai sha haushi.

To idan marar igiyar ka ƙudurta, ka yi tambaya ɗaya: yana da ramin da za a soka igiya ranar da batir ya ƙare? Soundcore Life Q30 na kamfanin Anker yana da shi, masu shi kuma sun ce yana kai awa 40 ko da an kunna mai kashe hayaniya. Sony WH-CH720N ma yana da shi, an ce awa 35, nauyinsa giram 192 kacal, ka sa ka manta. Akwai na JBL, akwai na Oraimo da ya cika shagunanmu. Alkawarin awoyin nan da matsakaiciyar ƙara aka auna shi. Kai mai ƙurewa, rage wani abu a lissafinka.

Na ambaci mai kashe hayaniya, na ga idon wasu magidanta ya buɗe. Ku kwantar da hankalinku, ba abin da kuke zato ba ne. Wanda ya yi fice a kansa wani injiniya ne, Amar Bose, da ƙugin jirgi ya hana shi jin kiɗa a wata tafiya daga Turai zuwa Amurka a 1978, ya ɗauki takarda ya fara lissafi tun a sama. Dabarar ita ce ɗan makirfo ya saurari ƙarar waje, na'ura ta ƙirƙiro kishiyarta daidai wa daida, su haɗu a bakin kunnenka su kashe juna, kamar ƙarti biyu masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙofa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Amma sai ƙarar da ke tafiya bai ɗaya take iya kamawa sosai: ƙugin jirgi, injin doguwar mota daga Kano zuwa Legas, janaretan maƙwabci da ke kwana yana gurnani a gindin tagarka. A nan kam abin kamar sihiri. Ƙarar da ke zuwa ba sallama kuwa, kukan jariri, hon ɗin ɗan acaɓa, ko "Maigida, kuɗin cefane," wannan ragewa kawai zai yi. Har yau ba a ƙera na'urar da ke kashe kuɗin cefane ba. Hajiya, ke ma kada ki yi dariya da yawa, "Ina abincina?" ma tana ratsawa.

Akwai kuma masu buɗaɗɗen baya, waɗanda bayan ƙoƙonsu raga ce. Sennheiser ne ya fara fito da irinsu a 1968 da samfurin HD 414, yau kuma akwai masu sauƙin kuɗi kamar Philips SHP9500. Sautinsu yana da fili, kamar kana zaune a tsakar gida ana kiɗa, ba a cikin akwati ba, kunne kuma yana shan iska. Sai dai ba su da sirri. Abin da kake ji na kusa da kai yana ji, hayaniyar waje kuma tana shigowa ba shamaki, ƙurar hunturu ma ba a hana ta ba. In kana da ɗaki shiru ka more. In gidanku irin namu ne, mai yara goma sha da awaki uku da injin markaɗe a maƙwabta, nemi rufaffe.

Yanzu ga abin da masu gwada hedifon a ƙasashen sanyi ba za su gaya maka ba, ni zan gaya maka domin jiki magayi. Wata Juma'a ce cikin watan Afrilu, zafin nan da ƙadangare ma ke neman inuwa. Na sha farar shadda, an buga ta tana ɗaukar ido, na kafa hula zanna. Kafin lokacin masallaci na ce bari in saurari wani karatu. Hedifon ɗin ya kai wata takwas a hannuna, sosonsa an lulluɓe shi da fatar roba mai sheƙi, wadda ranar saye na yi ta shafawa ina cewa kai, laushi. Na zauna minti arba'in. Da na cire, gumi ya taru a kunnena kamar an kifa murfin tukunya. Ban duba madubi ba na fita. A hanya na ga mutane suna kallona suna kau da kai. Sai a bakin masallaci wani dattijo ya matso ya ce, "Malam, gobara aka yi a gidanku?" Ashe fatar robar ta gama ruɓewa da gumi, ta bare, ta bar min baƙin ɓarɓashi a kunne, a gemu, a wuyan riga, har kafaɗa. Hular kuwa bakan hedifon ya raba ta biyu, ya yi mata kwari a tsakiya kamar hanyar ruwa.

Daga ranar na koyi tambayoyin da babu su a kwali. Ana cire soson a sa wani? Ana samun sa a kasuwa? Akwai na yadi, wanda ba ya barewa kuma ya fi shan iska, ko da yake ya fi barin hayaniya ta shigo? Igiyar ana zare ta, ko a dashe take? Domin a mai igiya ita ke fara mutuwa. Audio-Technica ATH-M40x ana zare tasa a sauya, ƙanensa M20x da ya fi araha tasa a dashe take, in ta tsinke sai ka nemi mai gyaran rediyo. Duba kuma gaɓar da ake naɗe shi, in roba ce siririya, nan zai karye. Mai tabarau ya gwada da tabaransa a fuska, domin ƙafar tabarau na ɗaga soso, sauti ya zurare, ga ciwo a gefen kai. Hajiya ta gwada a kan ɗankwali ko hijabin da ta saba sawa. Mai hula kuwa sai ya zaɓa, ko hula ko hedifon, sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya.

Jabu fa? Kada wanda ya yi min dariya, kowa a nan an taɓa yi masa. Ni nawa a wata kasuwa na saye shi, kwali mai kyau, suna babba, farashi kashi ɗaya cikin biyar na gaskiya. Mai shago ya ce kwastan ne suka yi gwanjo. Na ɗaga na ji nauyi, na ce lalle wannan ƙarfe ne. Sati uku kunne ɗaya ya yi shiru. Da mai gyara ya buɗe, sai ga guntun ƙarfe an manna da gam a cikin kowane ƙoƙo don ya yi nauyi, 'yar lasifikar kuwa ba ta fi kwabo ba. Ƙarfe ne kam, ban yi ƙarya ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gara ka sayi na gaskiya na ƙaramin kamfani da ka sayi jabun babban suna, domin na farko akwai mai jin kunya in ya lalace, na biyu kuwa ba uwa ba uba.

Saboda haka kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da kanka, da wayarka, da abin da kunnenka ya haddace: karatun da ka ji sau ɗari, ko waƙar da ka san inda mai kotso ke shigowa. Kada ka yarda da waƙar mai shago, ya san wadda ke rufa wa kayansa asiri. Sa ƙara daidai yadda kake ji a gida, domin duk abin da aka ƙure sai ya yi kamar ya fi daɗi. Saurari muryar, tana gabanka ko tana bayan labule? Saurari harafin "s", yana fita lafiya ko yana tsira kunne kamar allura? Kashe sautin ka ji yawan hayaniyar kasuwar da ya tare. Kira wani ka tambaye shi yadda yake jin ka. Sannan ka bar shi a kai minti goma ko sha biyar kuna taɗi da mai shago, ka tambaye shi iyali, ka yi masa jajen tsadar haya. Hedifon da zai matse kai ba ya nuna hali a minti na farko, kamar baƙo ne, sai ya kwana biyu. Ko'ina ana cewa gani ya kori ji, a wannan kasuwa kaɗai ji ya kori gani.

Kada kuma ka nemi wanda ya haɗa komai. A kuɗin talaka babu shi. Kowane na araha akwai abin da aka rage masa, aikinka ka zaɓi ragin da za ka iya zama da shi. Ɗalibi mai karatu kusa da janareta da matafiyi su bi mai kashe hayaniya, su haƙura da caji. Mai haɗa sauti ko tace fim ya bi rufaffe mai igiya, ya haƙura da turke. Mai ɗaki shiru ya bi buɗaɗɗe, ya haƙura da sirri. Mai son a gan shi ya sayi ja mai walƙiya, mu kuma mu haƙura da shi.

Wasa wasa, akwai magana ɗaya da ba ta wasa ba. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi, su ke karɓar sauti. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, babu kuma kasuwar da ake sayar da su, sabo ko gwanjo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke saurare. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80, kwatankwacin hayaniyar titi mai cunkoso, na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 83 awa 20, a 86 awa 10. In ka cire hedifon ka ji kunnenka yana ƙara shi kaɗai, gargaɗi ne. A nan ne ma mai rufe kunne ya fi iyafis ɗinka, malam mai lanƙwasa igiya, domin da yake yana tare hayaniya ba sai ka ƙure ba kafin ka ji. Amma a titi cire shi. Ɗan acaɓa ba ya karanta kwali. Haka in an kusa kiran salla, ko Inna tana tsakar gida, domin "ban ji ba" ba ta taɓa fitar da kowa a gabanta ba.

Kawu dai bai sauka daga ra'ayinsa ba. Abin da ya faru kawai, da azumi ya kama ya ce in ba shi takunkumin nan ya ga abin da ke ruɗar yara. Na sa masa tafsiri, na kifa masa a kunne, ya cire hula da kansa ba wanda ya ce masa. Ya yi shiru. Can ya ce, da ƙarfi yadda duk layin suka ji, "Kai! Har numfashin mai jan baƙi ina ji!" Na ce to Kawu, a ba ni. Ya ɗaga min hannu alamar in dakata.

Yau wata huɗu ke nan. An yi ƙaramar salla, an yi babba. Kullum na je karɓa sai in tarar da shi a kan buzu, ido a lumshe, ƙoƙuna a kunne. In yi sallama sau uku, in durƙusa, in ce Kawu na zo ne a kan maganar kayan nan. Ko gezau. Bazazzagi ya ce in kai ƙara wajen mai unguwa. Ni kuwa na ce a'a, ai shaida ce na samu kyauta: duk mai shakkar cewa rufaffen hedifon yana tare sauti, ya zo in raka shi gidan Kawu ya gwada tambayar bashi.